Wa ke raɗa wa duwatsun sararin samaniya suna, kuma su wa suka cancanta?

Zara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata tambaya ce ta hana ni sukuni tun jiya. Na ci karo da talla cewa idan ka biya kuɗi za a sa wa tauraro sunanka ko na wanda kake so, har a aiko maka da takardar shaida. A ranar kuma na karanta cewa akwai wani dutse a sararin samaniya mai suna Malala. Hanya ɗaya ce? Ita ma biya mata aka yi? Kuma wa ya ba wani ikon raɗa wa abin da ke sama suna, tunda ba gonar kowa ba ce?

Gamzaki:
Wa alaikumus salam Malama Zara. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. Masu tallar nan takarda kawai suke sayarwa. Sunan da za su rubuta miki yana cikin kundinsu ne kaɗai, babu masanin taurari ko ɗaya da zai kira tauraron da shi. Na Malala kuwa na gaske ne. Dutsen lambarsa 316201, faɗinsa kimanin kilomita 4, yana zagaya rana sau ɗaya a cikin shekara biyar da rabi, tsakanin duniyar Mas da Jufita. An gano shi a 2010 da wata na'urar hangen nesa ta hukumar NASA da ke shawagi a sararin samaniya, kuma Amy Mainzer, masaniyar da ke cikin aikin, ita ta ba da sunan a 2015. Ba a biya ko sisi ba.

Mai ikon tabbatar da suna ita ce Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, IAU, wadda aka kafa a 1919. Amma ba ita ke ƙirƙiro sunan ba. Wanda ya gano dutsen shi ke kawo suna, kwamitinta mai mutum 15 ya duba, ya amince ko ya ƙi.

Zara:
To ashe da zarar mutum ya hango sabon dutse sai ya aika da suna?

Gamzaki:
Ina! Da sauran rina a kaba. Akwai matakai uku, kuma na tsakiya ne mai cin rai.

Da farko kina aika ma'aunin inda kika ga ɗigon hasken zuwa Cibiyar Ƙananan Duniyoyi da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka. Idan ba a san shi ba, sai su ba shi lambar wucin gadi. Lambar tana kama da shirme, amma kwanan wata ce a ɓoye. Ɗauki 1999 RQ36. Shekarar ga ta nan a fili. Harafin farko yana nuna rabin watan da aka gan shi: A rabin farko na Janairu, B rabi na biyu, C farkon Fabrairu, haka har Y, ana tsallake I don kada a rikita shi da lamba 1. Saboda haka R farkon Satumba ke nan. Harafi na biyu jerin ganowa ne a cikin wannan rabin watan, haruffa 25 tunda nan ma babu I. Idan suka ƙare sai a koma kan A, lambar ƙarshe tana ƙirga sau nawa aka zagayo. Sau 36 a haruffa 25 ya ba da 900, Q kuma shi ne na 16. Wato dutse na 916 da aka yi rajista a makonni biyun farko na Satumban 1999.

Mataki na biyu sai a yi ta bibiyarsa har a san falakinsa, wato hanyar da yake bi ya zagaya rana, sarai, yadda ko an rufe ido shekara hamsin za a iya cewa ga inda yake. Yawanci sai an gan shi a zagaye huɗu na lokacin da duniyarmu ke shiga tsakaninsa da rana, abin da kan ɗauki shekaru, wani lokaci gommai. A nan ne ake ba shi lambar dindindin. Daga ranar, wanda ya gano shi na da shekara 10 ya kawo suna tare da ɗan gajeren bayanin dalili. Sunan ba ya zama suna sai an buga shi a mujallar kwamitin. Shi 1999 RQ36 ɗin nan yanzu 101955 Bennu ne, wanda kumbon OSIRIS-REx ya ɗebo ƙasarsa ya sauke a hamadar Utah ranar 24 ga Satumba 2023. Yaro ɗan shekara tara ne ya ci gasar ba shi suna a 2013.

Mai Tsaron Gida:
Malam Gamzaki ka mayar da mu ajin lissafi da sassafe. Ni tambayata ɗaya ce, akwai ɗan ƙwallo a can sama ko babu?

Uwar Biyu:
Kai dai ba ka da magana sai ƙwallo. Bari manya su gama. Malam, me ya sa sai an jira shekaru haka? Wanda ya sha wahalar ganowa ai sai ya mutu bai ga sunan ba.

Alƙalami:
Hajiya, ai an sha wuya ne kafin a koyi jira. A 1911 Johann Palisa ya gano wani dutse daga Biyana, aka ba shi lamba 719 da suna Albert bayan 'yan kwanaki kaɗan na kallo. Sai ya ɓace. Ga suna, ga lamba, babu mai sunan. Sai a shekarar 2000 aka sake cin karo da shi, shekara 89 ke nan. Hermes ma haka, an gano shi a 1937, aka ba shi suna ko lamba bai samu ba, ya yi layar zana har 2003. Apollo ya ɓace daga 1932 zuwa 1973. Idan ba a san hanyar abu ba, mutum biyu za su iya gano dutse guda a shekaru daban-daban kowa ya ba shi nasa suna.

Abin ma daga na farko ya soma. Giuseppe Piazzi ya ga Ceres daga Palermo a daren 1 ga Janairu 1801, ya bi shi kimanin kwana 40, sai hasken rana ya shanye shi. Wani saurayi ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, shi ya zauna da 'yan ma'aunan nan ya lissafo inda zai ɓullo, aka kuwa same shi a ƙarshen shekarar. Shi ya sa da aka kai dutse na dubu aka tuna da su: 1000 Piazzia, 1001 Gaussia, 1002 Olbersia, don Heinrich Olbers da ya gano Pallas da Vesta.

Zara:
Me ya kawo "ia" ɗin nan a ƙarshen sunayensu? Kamar sunayen mata.

Alƙalami:
Sunayen matan ne kuwa. A ƙarni na 19 al'adar ita ce kowane dutse sunan mace zai ɗauka daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa: Ceres, Pallas, Juno, Vesta, Astraea. Da aka so karrama maza sai aka riƙa ɗaura musu zane. 54 Alexandra sunan Alexander von Humboldt ne aka mayar na mace. Attajirin Amurka Rockefeller ya zama 904 Rockefellia. Sunan namiji ƙarara bai shigo ba sai 1898, da aka gano Eros, shi ma don falakinsa ya fita daban da na sauran, yana matsowa kusa da mu.

Kuma rigimar siyasa ta riga kowa zuwa. Piazzi da kansa ya so ya kira nasa Ceres Ferdinandea don ya faranta wa Sarki Ferdinand rai, sauran ƙasashen Turai suka ce ba su san zancen ba, aka datse wutsiyar. A 1850 John Russell Hind ya gano na 12 a Landan ya ce sunansa Victoria. Masanan Amurka suka yi tsalle suka dire, suka ce wannan fadanci ne ga sarauniyar Ingila. Hind ya ce sam, shi allahiyar nasara ta Rumawa yake nufi. Kowa dai ya san inda aka dosa. Wani editan mujallar taurari a Amurka, Benjamin Gould, ya daɗe yana kiran dutsen Clio don ƙin amincewa. Shekara bakwai bayan nan aka cire kunya gaba ɗaya, aka sa wa na 45 Eugenia, sunan matar Napoleon na Uku.

Dattijo:
Ina biye da ku tun ɗazu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, halittar Allah ce fa wannan, amma an bi ta an lulluɓe da sunayen gumakan mutanen da. Allahiyar kaza, allahn kaza. Ni kam bakina ba ya son furta su. Ba a samu sunayen mutanen kirki ba ne?

Gamzaki:
Baba, damuwarka a kan hanya take, kuma ba kai kaɗai ba ne. Sai dai masu aikin ba bauta suke nufi ba, lakabi ne na rarrabewa, kamar yadda Janairu da Maris suka samo asali daga irin waɗannan sunaye amma mai rubuta kwanan wata ba ya tuna da su. Kuma yanzu sunayen tatsuniya 'yan kaɗan ne a cikin jimilla. An keɓe su ga wasu rukunai. Waɗanda ke tafiya a falakin Jufita, gaba da bayansa, suna ɗaukar sunayen mayaƙan yaƙin Troy: na gaba Girkawa, na baya mutanen Troy. Da yake an sa wa biyu suna kafin tsarin ya zauna, 624 Hektor ya faɗa sansanin Girkawa, 617 Patroclus kuma na Troy, har ana musu ba'a da 'yan leƙen asiri. Waɗanda ke can bayan Neftun kuma ana ɗauko musu suna daga labaran halitta na al'ummomi daban-daban, irin su Makemake daga tsibirin Rapa Nui da Sedna daga mutanen Inuit. Amma dubban da ke tsakanin Mas da Jufita, galibinsu sunayen mutane ne da garuruwa da makarantu.

Alƙalami:
Baba, in ƙara maka da abin da zai sanyaya maka rai. Akwai 11156 Al-Khwarismi, wanda daga littafinsa aka samo kalmar aljabra. Akwai 9936 Al-Biruni, da 59239 Alhazen wato Ibnul Haisam masanin haske da gani, da 2755 Avicenna wato Ibn Sina, da 8318 Averroes wato Ibn Rushd, da 3095 Omarkhayyam. Akwai 2439 Ulugbek, sarkin Samarƙand da ya gina katafaren ɗakin nazarin taurari a shekarun 1420, ya fitar da jerin taurari 1,018. Akwai 12621 Alsufi, Abdurrahman as-Sufi da ya rubuta littafinsa na taurari a wajen 964. Su kansu manyan taurarin da muke gani da ido, da yawansu sunan Larabci suke amsawa har a bakin Turawa: Rigel daga rijl ne, ƙafa, Deneb daga zanab, wutsiya, Aldebaran daga ad-dabaran, mai bin baya. A zamanin da malaman nan ke riƙe da ilimin, sunayensu ne suka zauna.

Dattijo:
Madalla. Wannan ban san shi ba. Allah ya ƙara sani. Amma lura da yadda aka murɗe sunayen, Ibn Rushd ya koma Averroes.

Ɗan Adawa:
Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Malam Alƙalami, jerin da ka kawo yana da daɗin ji, amma tambaya ita ce wa ya ba su? Ba jikokinsu ba ne. Avicenna da Omarkhayyam masanan Tarayyar Sobiyet ne suka gano su daga Kirimiya suka ga dama suka karrama su. Wato kyauta ce daga mai na'ura. Duk wannan tsarin da kuke yabo, a taƙaice, mai na'urar hangen nesa shi ke rubuta tarihi a sama. Wanda ba shi da ita sai dai ya jira a tuna da shi. Ku duba Afirka. Akwai 1193 Africa, 1278 Kenya, 1279 Uganda, 1430 Somalia, 1432 Ethiopia. Wa ya raɗa su? Cyril Jackson, haifaffen Ingila, daga ɗakin nazarin taurari na Johannesburg a shekarun 1930, lokacin mulkin mallaka na kan ganiyarsa. Shi ne kuma ya sa 1197 Rhodesia. Ƙasar ta yar da wannan suna ta zama Zimbabwe tun 1980, amma a sama sunan Cecil Rhodes na nan daram yana zagaya rana.

Uwar Biyu:
To ba za a iya canzawa ba ne?

Gamzaki:
Ba a saba ba, Hajiya. Ana iya gyara kuskuren rubutu, amma suna idan ya shiga kundi ya shiga, domin takardun bincike na shekara 90 suna ɗauke da shi. Kuma ina ganin wannan shi ne ainihin dalilin tsauraran dokokin yanzu. Kwamitin ya san abin da ya sa hannu a kai zai fi shi daɗewa. Sunan kada ya wuce haruffa 16, an fi son kalma ɗaya, ya zama ana iya furta shi a wani harshe na duniya, kada ya zama zagi, kada ya yi kama sosai da wanda ake da shi. Ba a karɓar sunan talla na kamfani. Mutum ba ya sa sunan kansa, saɓanin tauraro mai wutsiya da ke ɗaukar sunan wanda ya gano shi kai tsaye. Babbar cikinsu kuma, duk wanda aka fi saninsa da siyasa ko aikin soja, sai ya shekara 100 da mutuwa. Haka ma yaƙi ko wani al'amarin siyasa, sai ya cika shekara 100.

Ɗan Adawa:
Dokar shekara 100 ɗin ma ai ido take dubawa. 852 Wladilena fa? Vladimir Lenin ne a dunƙule. 932 Hooveria da 1363 Herberta duk na Herbert Hoover ne, mutum ɗaya dutse biyu, kuma ya yi shugaban Amurka. Ka ce waɗannan tsofaffi ne, dokar ta same su a can, na yarda. To Malala fa? Tana raye. 2305 King na Martin Luther King ne, 284996 Rosaparks ga shi nan. Ni ban ce ba su cancanta ba. Cewa nake wanda kwamiti ke so sai a kira shi mai fafutuka, wanda ba ya so a kira shi ɗan siyasa. Wa ya ja layin?

Zara:
Gaskiya wannan tambayar ta kama ni.

Alƙalami:
Ɗan'uwa, ba zan ce maka layin a miƙe yake ba. 'Yan kwamiti ne ke jefa ƙuri'a, kuma mutum tara yake bai cika goma ba. Amma gwada cire dokar ka ga abin da zai faru. Kowace gwamnati da ta sayi na'ura sai ta cika sama da sunan shugabanta da matarsa da ranar da ya hau mulki, wanda ya hamɓarar da shi kuma ya zo ya nemi a goge. Abin da masanan Amurka suka hango ke nan tun 1850. Doka mai ɗan rami ta fi babu. Inda na yarda da kai shi ne batun masu rai. Mutumin da ke raye littafinsa bai rufe ba. Yau gwarzo, gobe Allah kaɗai ya sani, ga shi kuma suna ba ya gogewa. Ni da za a bi tawa, ko mawaƙi ne ko masani, a bari sai ya kwanta dama.

Uwar Biyu:
A nan kam ban bi ka ba, Malam. Karramawar da mai ita bai gani ba, ta wa ce? Na karanta cewa ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT, da yake na'urarsu ta LINEAR ta gano duwatsu dubbai, sun riƙa sa musu sunayen ɗaliban sakandare da suka yi fice a gasar kimiyya, da malamansu. Ka yi tunanin yarinya 'yar shekara 16 a ce mata ga dutse can da sunanki. Wannan zai iya juya rayuwarta gaba ɗaya. Idan aka jira ta mutu, an yi wa wa? Kuma ku lura da abin dariya: an fara da sunayen mata zalla, amma matan tatsuniya. Da aka zo kan mutane na gaske sai maza suka cika wurin. Ita Mainzer ta bayyana cewa wata abokiyar aikinta ce ta ja hankalinta kan ƙarancin matan da aka karrama, shi ya sa ta zaɓi Malala. Har 241528 Tubman daga duwatsun wannan na'urar ya fito, don Harriet Tubman da ta kuɓutar da bayi.

Alƙalami:
Na sallama a kan ɗalibai, Hajiya. A kan shahararru dai ina nan a kan bakana.

Mai Tsaron Gida:
Jama'a na yi bincike da kaina tunda kun share ni. Akwai 2202 Pele! Sarkin ƙwallo yana sama!

Gamzaki:
Yi haƙuri ɗan'uwa, ba naka ba ne. Wannan Pele ɗin ta tatsuniyar Hawaii ce, mai aman wuta daga duwatsu. Amma kada ka yi fushi, akwai 33179 Arsènewenger. Wani masani mai suna Ian Griffin ne ya gano shi a 1998, ga shi masoyin Arsenal, sai ya sa masa sunan kocin a 2007. Akwai 82656 Puskás, akwai 79647 Ballack. A tanis akwai 128036 Rafaelnadal.

Mai Tsaron Gida:
Wenger a sama? To ko a can ma na huɗu zai ƙare.

Ɗan Adawa:
Kun ga abin da nake faɗa. Mutum ɗaya da na'urarsa da ƙungiyar da yake goyon baya, shi ke nan an dawwamar da koci. Ko ba a biya kuɗi ba, ai gata ne.

Alƙalami:
Kuma kuɗin ma an taɓa biya, kada Malama Zara ta tafi da cewa abin tsarkakakke ne tun asali. Palisa ɗin nan na Biyana, a 1885 ya yi shelar zai sayar da damar raɗa suna a kan fam 50 don ya samu kuɗin tafiya kallon husufin rana. 250 Bettina sunan matar attajiri Albert von Rothschild ne, shi kuma Albert ɗin da ya ɓace shekara 89 sunan maigidan ne. 323 Brucia, dutse na farko da aka gano ta hanyar hoto a 1891, Max Wolf ya sa masa sunan Catherine Wolfe Bruce wadda ta ba da kuɗin sayen na'ura. Wannan na ƙarshen ni ban ga laifinsa ba, yaba kyauta tukwici.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Karl Reinmuth na Heidelberg. An ce abokin aikinsa Gustav Stracke, mai lissafin falaki, ya nemi kada a sa sunansa a kan dutse. Sai Reinmuth ya jera guda takwas daga 1227 zuwa 1234, kusan duka sunayen tsirrai: Geranium, Scabiosa, Tilia, Riceia, Auricula, Cortusa, Kobresia, Elyna. Ku haɗa haruffan farko.

Zara:
G STRACKE! Kai, wannan mutum ya iya tsiya.

Gamzaki:
Akwai wanda ya fi shi. James Gibson ya sa wa 2309 suna Mr. Spock, kowa ya ɗauka ɗan wasan talabijin ake nufi, ashe kyanwarsa ce mai wannan suna. Bayan hayaniyar da ta biyo baya ne aka ce a daina kawo sunayen dabbobin gida.

Amma ba duka ne wasa ba. 'Yan sama jannati bakwai da suka mutu a kumbon Challenger a 1986 suna jere daga 3350 zuwa 3356, har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Bakwai na Columbia da suka mutu a 2003 suna daga 51823 zuwa 51829, cikinsu akwai Kalpana Chawla haifaffiyar Indiya. Duk lokacin da na ga jerin nan jikina kan yi sanyi.

Komawa kan maganarka, Ɗan Adawa. Gaskiya ne mai na'ura ke da suna, amma ƙofar ba a kulle take ba kamar da. A 2021 an sa wa dutse mai lamba 35462 suna Maramkaire, don Maram Kaïré na Senegal. Ba don tausayi ba. Shi ya jagoranci shirya tawagogin da suka baza ƙananan na'urori a Senegal suna auna lokacin da dutse ke gilmawa ta gaban tauraro ya kare haskensa na ɗan daƙiƙu, aikin da NASA ke buƙata don saita kumbunanta. Kumbon Lucy kuma, da ya bi ta kusa da wani ƙaramin dutse ranar 1 ga Nuwamba 2023, sunan dutsen Dinkinesh, kalmar Amhariyanci mai nufin "kina da ban mamaki", wato sunan da Habashawa ke kiran ƙasusuwan nan na daɗaɗɗiyar halitta da aka tono a ƙasarsu a 1974. Da aka tarar yana da ɗan wata mai zagaya shi, aka kira shi Selam.

Ɗan Adawa:
Maramkaire ɗin wa ya gano dutsen?

Gamzaki:
Alain Maury, Bafaranshe, a 1998.

Ɗan Adawa:
To ka gani.

Gamzaki:
Na gani. Ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne duwatsun ba su ƙare ba. An san fiye da miliyan 1.3, waɗanda suka samu lambar dindindin sun haura 600,000 nesa ba kusa ba, amma masu suna kimanin 25,000 ne kacal. Manyan na'urorin sintiri irin su Pan-STARRS a Hawaii da Catalina a Arizona suna kwaso su fiye da yadda kowa zai iya raɗa musu suna. Sabon ɗakin nazari na Vera Rubin a Chile, a gwajinsa na farko da aka nuna a Yunin 2025, ya gano sababbi 2,104 a cikin kimanin awa 10. Akwai kuma shirye-shiryen da ke raba hotunan irin waɗannan na'urori ga ɗalibai a ƙasashe da dama, su zauna da kwamfuta su nemo ɗigon da ya motsa. Tafiyar daga nan zuwa suna doguwa ce, kamar yadda na faɗa da farko, amma na'urar ba sai taka ba.

Dattijo:
Ni dai har yanzu Fuluto nake tausayi. Muna yara duniya ce ta tara. Yanzu ina aka kai ta?

Alƙalami:
Tana cikin kundin nan da muke magana, Baba, lamba 134340. Abin haushin ma, a 1999 Brian Marsden, shugaban Cibiyar Ƙananan Duniyoyi a lokacin, ya ba da shawarar a ba ta lamba 10000 don girmamawa, kamar yadda aka ba Herschel 2000, Leonardo 3000, Majalisar Ɗinkin Duniya 6000, Curie 7000, Newton 8000. Masoyanta suka tayar da ƙura, wai ƙasƙanci ne a haɗa ta da duwatsu. Aka fasa, aka ba wani dutse lambar da suna Myriostos, wato "na dubu goma" da Girkanci. Shekara bakwai bayan haka, a taron IAU na Prague a 2006, aka sauke ta daga jerin manyan duniyoyi, ta bi layi ta karɓi lambar da ta samu. An ƙi cin biri an ci dila. Wadda ta jawo mata wannan kuwa, da aka gano girmanta ya yi kusan ɗaya da nata, suna aka ba ta Eris, allahiyar husuma a wurin Girkawa. Sunan Fuluto kansa yarinya 'yar shekara 11 ce ta kawo shi a 1930, Venetia Burney ta birnin Oxford.

Uwar Biyu:
Ka ji ko, Malam? Yarinya mai rai.

Gamzaki:
Kafin a watse ga aikin gida. Apophis, lamba 99942, wanda zai gilma kusa da mu ranar 13 ga Afrilu 2029 da tazarar kimanin kilomita 32,000, ƙasa da inda wasu taurarin ɗan'adam na sadarwa suke, lambarsa ta wucin gadi 2004 MN4 ce. Yaushe aka gano shi, kuma na nawa ne?

Mai Tsaron Gida:
Tsaya tukuna. Kilomita nawa ka ce? Zai same mu?

Gamzaki:
Ba zai same mu ba. An auna falakinsa da rada a 2021, an cire shi daga jerin masu barazana na aƙalla shekara 100. Yi lissafinka.

Mai Tsaron Gida:
M rabin Yuni na biyu. Huɗu sau 25 ɗari. N harafi na 14. Amsa 114. A kawo mini kofina.

Zara:
Ka ƙirga da I. 113 ne.